Babban Yatsan Maigadi

Da gari ya waye aka tarar da shagon Mai Sola wayam. Manyan baturan da ya jera jikin bango, da faifan hasken rana, da inbata, duk an kwashe, ba a bar masa komai ba sai shatin inda kayan suka zauna a kan siminti. Ƙofar gaba lafiyarta lau. Ta baya aka ɓalle ƙyauren shagon da ƙarfe, aka fita da kayan ta babbar ƙofar da ke bayan ginin. Ita kuwa wannan ƙofa ba a dake kwaɗonta ba, ba a yanke shi ba. Da makulli aka buɗe, aka gama aiki, aka mayar aka rufe.

Ginin bene ne na 'yan kasuwa, shaguna a ƙasa, shaguna a sama, da matakala a gefe. Makullin ƙofar baya guda biyu ne, kowa ya sani: ɗaya a hannun Ciyaman na ƙungiyar masu shaguna, ɗaya a wuyan tsohon da ke gadin wurin tun ana aza tubalinsa. Aka tambayi tsoho. Ya ce ruwa aka kwana ana yi, kwanon rufi na ta ƙara, shi yana rumfarsa ta gaba, bai ji motsin kowa ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da an yi ƙus-ƙus an watse. To amma hantsi bai gama ɗagawa ba sai wata lamba da ba a san mai ita ba ta turo wa Mai Sola bidiyo, shi kuma ya jefa shi cikin guruf ɗin masu shaguna na waya. Nan da nan wayoyi suka hau kuka a aljihu.

A bidiyon ga maigadi zaune a bencin Mai Shayi da rana tsaka, an ɗauke shi ta baya, daga sama kaɗan. Waya na hannunsa, babban yatsansa na yawo a kanta. Aka matso da hoton har rubutun ya fito ƙarara: “Ƙofar baya za ta kwana a buɗe. Ku ɗauka ku tafi.”

Shi ke nan. Mutumin da jiya ake bar wa yaro da ajiyar kaya, yau kowa ya tuna wani abu game da shi. Wannan ya ce dama idonsa bai taɓa kwanta masa ba. Wancan ya ce ya ga sabon takalmi a ƙafarsa. Taro in ya samu wanda zai ɗora wa laifi, ba ya son a dame shi da tambaya.

Mai Sola ya ci kwalar tsohon yana huci. “Baba, ni? Ni da nake saya maka shayi kullum? Ina kayana?”

Sakataren ƙungiya ne ya shiga tsakani. Shi ke da shagon buga kati da alluna a sama, mutum mai sanyin murya da farar riga kullum a goge. Ya ce, “Jama'a, kada a taɓa shi. A sa shi a sito a rufe, hukuma ta zo ta yi aikinta.”

Aka karɓe wayar tsoho da makullin wuyansa, aka tura shi sito.

*

Maigadi yana da 'yar ƙanwa a ginin, ita ke da ƙaramin shagon da ke ƙarshen layi na ƙasa. Sana'arta haɗa tallan bidiyo. In an kawo mata hoton mutum riƙe da waya, sai ta rufe abin da ke fuskar wayar, ta liƙa wani, sunan shago ko tallan makaranta, ya zauna daram kamar da shi aka ɗauka. Kafin liƙin ya zauna sai ta kafa ɗigo a kusurwoyin wayar guda huɗu, ta sa kwamfuta ta bi su duk inda hannu ya karkata. Wannan shi take kira bin sawu, shi ya sa duk ginin ake ce mata Mai-Sawu.

Da ta kalli bidiyon sai ta sake kunna shi daga farko. Ba don ta yarda ba. Wani abu ne a cikinsa ya yi mata kama da aikin hannunta.

Ta sami Ciyaman a bakin sito ta durƙusa ta gaishe shi. “Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci kafin a kira 'yan sanda.”

“Lokacin me? Ba ki ga abin da kowa ya gani ba?”

“Na gani. So nake in sake gani.”

Ciyaman dattijo ne mai sayar da yadi, ba shi da mugunta, sai dai ba ya son hayaniya a ƙofarsa. Ya dubi Mai Sola da ke kai-komo, ya dube ta. “Zuwa la'asar. Ana sallamewa, in babu wata magana, zan kira su da kaina. Kin san kuwa in suka tafi da shi a kan wannan bidiyo, ba yau zai dawo ba.”

Ya bar ta ta leƙa sito. Tsohon na zaune kan buhu tsakanin karyayyun kujeru, hularsa a gwiwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata.

“Uwata, har da ke aka zo kallo?”

“Kawu, kai ka rubuta wancan abu?”

“Da za ki tambaye ni haka, gara ki mare ni.”

“To me kake dubawa a wayar a lokacin?”

Sai ya kau da kai, ya hau murza bakin hularsa. “Abin da ya dame ni.”

“Kawu, gidan yari fa ake magana.”

“Na ji. Ja mini ƙofar.”

Ta ja ƙofar, zuciyarta ba daɗi. Mai gaskiya ba ya ɓoye abin da zai wanke shi, haka ta sani. Ga shi kuwa Kawu yana ɓoye wani abu.

*

Ta zuba bidiyon a kwamfuta, ta rage masa gudu har ya koma hotuna a jere, tana wuce su ɗaya bayan ɗaya. Ta kafa ɗigonta a kusurwoyin wayar Kawu, ta kafa wasu a kan rubutun, ta sake su su bi.

Da farko tare suke tafiya kamar an ɗaure su. Sai inda Kawu ya yi tari, hannunsa ya girgiza. A nan waya ta yi hagu, rubutu ya ɗan tsaya kafin ya bi ta. Ƙiftawar ido ne, amma ga wanda ya san aikin, kamar an buga ganga ne. Ta ƙara gaba. Tururin butar Mai Shayi ya taso ya gifta, ya dushe hannun Kawu, ya dushe bakin wayar, amma rubutun na nan tas, tururi bai taɓa shi ba. Sa'an nan yatsa. Duk inda babban yatsan ya hau kan fuskar wayar, an yanke masa gefe, farcen ya ɓace rabi. Hasken da ke jikin yatsan kuma kore ne shar, alhali shafin saƙon fari ne fat.

Ta kafa ɗigo a kan yatsan shi kansa. Layin da ya zana ba na mai rubutu ba ne. Mai rubutu ƙasa yake dannawa, inda haruffa suke. Wannan yatsa a tsakiya yake, yana shara dama, yana shara hagu.

Ta aika aka kira Ciyaman. Ya zo da Mai Sola a bayansa, ta nuna musu a hankali, ta maimaita.

“Liƙi ne, ranka ya daɗe. An ɗauki Kawu yana duba wani abu daban, aka ɗora masa wannan a kai.”

Ciyaman ya daɗe yana kallo. Mai Sola ne ya yi dariyar da ba ta da daɗi. “To madalla. Yanzu a duk ginin nan wa ya iya wannan liƙin, in ba ke ba?”

“Zan liƙa wa kawuna sata?”

“Ni na sani? Wataƙila kun raba kaya, rabo ya ɓaci. Ko kuma yanzu kika lalata bidiyon a na'urarki don a ce ƙarya ne.”

Ciyaman ya miƙe yana gyara riga. “Yarinya, kin nuna mini akwai hannu. Ba ki nuna mini mai hannun ba. In ba ki kawo shi ba, mutane za su ce naki ne, ni kuma ba ni da bakin hana su. La'asar tana nan yadda na ce.”

Suka fita. Ta je cire Kawu daga rami, ga shi ta zura ƙafarta a ciki.

*

Mai Shayi na wanke kofuna ta same shi.

“Yaya, wa ka gani yana ɗaukar Kawu hoto?”

“Ni? Ni da idona ke kan wuta? Kowa a nan waya ce a hannunsa, wa zai san mai ɗauka da mai kira?” Ya rage murya. “Amma ki gaya wa Baba, ni ban ce komai a kansa ba. Ban kuma ce ba shi ba ne, kin gane, ina da iyali.”

“Na gane, Yaya. Allah Ya bar ka da iyalinka.”

Ta zauna daidai inda Kawu ya zauna, ta riƙe wayarta yadda ya riƙe tasa, ta waiwaya sama. A bidiyon ana ganin saman hularsa da murfin buta, kuma a gefen hoton wani baƙin abu yana shigowa yana fita. Ta hau matakala tana gwadawa da kyamararta, taki bayan taki, har ta kai inda matakalar ta karya kwana. A nan hoton ya zauna daidai. Baƙin abin kuwa ƙarfen dogarawa ne.

Daga wannan kwana sama, shaguna uku ne kawai: na Ɗan Biki mai ɗaukar bidiyon aure, na Anti Tela, da na Sakatare.

Zuciyarta ta tafi kai tsaye wurin Ɗan Biki. Ita ta koya masa bin sawu da hannunta, ya ƙware ya buɗe nasa shagon, ya janye mata rabin masu kawo aiki. Kuma ba a daɗe ba suka yi cacar baki da Kawu, don Kawu ya hana shi shigo da wasu abokansa bayan an rufe gini.

Ta same shi ya ɗora ƙafa kan tebur yana cin gyaɗa.

“A'a, uwar ɗakina da kanta! Yau za a yi ruwa.”

“An riga an yi. Kai ka haɗa bidiyon nan?”

Ya sauke ƙafa. “Wanne? Na Baba?” Ya jawo wayarsa ya kunna, ya tsayar daidai kan yatsa, ya juya mata. “Dubi nan. Dubi farce. Haba, Anti! Ki zage ni da sata in kin ga dama, amma kada ki zage ni da wannan. Ni zan yanke yatsa haka kamar an sa reza? Ke kika sa na kwana uku a kan gefen mayafin amarya.”

“Kun yi faɗa da shi.”

“Mun yi. Ya ce mini ɗan iska, na ce masa tsohon soja ba bindiga. Washegari ya ba ni goro.” Ya watsa gyaɗa a baki. “Wannan aikin manhajar waya ne, irin wadda ke bin kusurwa da kanta. Wanda ya yi shi ya ga ana yi, bai taɓa yi ba. Amma dubi shafin saƙon kansa. Tsaf. Layi daidai, tazara daidai. Wannan ya iya tsara shafi, bai iya motsi ba.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ta ji haushin da bai zama shi ba, don rana ta riga ta karkata.

*

Anti Tela na kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai. Ta zare su ɗaya-ɗaya kafin ta yi magana.

“'Yar nan, ni wayata ko hoton kirki ba ta ɗauka. Kwanar matakala kuwa kowa na tsayawa, nan ne kawai sabis ke kamawa. Ni ina tsayawa, Ɗan Biki na tsayawa yana yi wa 'yan mata ƙarya, Sakatare na tsayawa.” Ta ja tsaki. “Shi wannan kada ma ki ɓata lokacinki. Mutumin da ƙuda ba ya sauka a rigarsa? Kin ga allon ƙofata? Mako guda ya riƙe mini shi. Na rubuta masa a takarda, dinki da zane, ya ce shi ba zai buga dinki ba, ɗinki ne, sai an sa wa dalin ƙugiya. Na ce Malam, masu kawo mini kaya sun san abin da nake yi. Ya ce in an saba barin ƙugiya, wata rana za a rubuta ƙasa a karanta kasa. Ko saƙo ka tura masa, sai ya gyara maka kafin ya ba ka amsa.”

Mai-Sawu ta yi murmushin yaƙe, ta yi sallama ta fito. Ta sauko taki biyu, sai ta tsaya cak.

Ta ciro waya ta buɗe bidiyon, ta matso da rubutun. Tun safe take kallon gefensa, da inuwarsa, da yadda yake zamewa. Ba ta tsaya ta dubi haruffan ba. Ƙofar. Buɗe. Ɗauka. Kowanne da ƙugiyarsa a kai, tsaf kamar a littafin makaranta.

Ta buɗe saƙonnin da Kawu ya saba turo mata. “Uwata kizo ki dauki kayanki.” “Na bude kofa.” Wayar Kawu ba ta ma da waɗannan haruffa. Ta shiga guruf ɗin masu shaguna ta yi ta ja sama. Wannan ya rubuta kofa, wancan qofa, wani k'ofa. Ita kanta ba ta sa ƙugiya sai a aikin talla. Mutum ɗaya ne tak bai taɓa sakin ko ɗaya ba.

Sai ta tuna ranar da ta yi masa tallan shagonsa. Ya ja kujera ya zauna a bayanta har aka gama, yana tambaya cikin ladabi: wannan ɗigon na mene ne, in hannu ya motsa fa, akwai irinsa a waya?

Ta san ƙugiya kaɗai ba za ta ɗaure mutum kamar Sakatare ba. Zai ce duk wanda ya je makaranta ya iya. Ta sauka ta nufi sito.

“Kawu, na san ba rubutu kake yi ba. Abu ne kore, kana shara shi dama da hagu. In an jima zan tambaye ka a gaban mutane.”

Tsohon ya runtse ido. “Uwata, da furfurata?”

“Da furfurarka za su sa ka a bayan mota.”

*

Ana sallame la'asar aka taru a farfajiyar baya, gaban ƙofar da aka buɗe. Ciyaman a kujera, waya a hannu, lambar 'yan sanda a shirye. Mai Sola a tsaye. Ɗan Biki, Anti Tela, Mai Shayi da sauran masu shaguna sun yi da'ira. Sakatare na gefen Ciyaman, hannu a baya. Aka fito da maigadi.

Mai-Sawu ta ɗora kwamfutarta kan durom, ta nuna wa kowa zamewar rubutu, da tururi, da yankakken farce. Sa'an nan ta juya. “Kawu, me kake yi a wayar?”

Tsohon ya dubi ƙasa. “Wasa ne. Na 'ya'yan itace. Jikata ta sa mini. Ana jera kankana uku su fashe.”

Wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi. Ɗan Biki ya ce, “Baba, mataki na nawa ka kai?” Tsoho bai ɗago ba. Ciyaman ya kunna wayar da aka karɓe, ya lalubo wasan. Fili kore shar ya cika fuskarta. Dariya ta ɗauke.

Mai Sola ya ce, “To an yi liƙi, mun ji. Wa ya yi?”

“Yanzu za mu gani,” in ji ta. “Ranka ya daɗe, ina roƙon kowa ya ciro wayarsa ya rubuta maganar nan da ke cikin bidiyo, yadda ya saba rubutu. Har da ni. In an gama a ɗaga sama.”

“Wannan kuma wane irin wasa ne?” in ji Ciyaman.

“Na minti ɗaya ne.”

Ciyaman ya ɗaga hannu, aka hau dannawa. Ita ba wayarta take kallo ba. Ta ga Sakatare ya fara da sauri kamar kowa, sai yatsansa ya tsaya. Ya ɗago ya dubi kwamfutar da ke kan durom, inda rubutun ke tsaye manya-manya. Ya mayar da kai, ya goge, ya sake farawa a hankali.

Aka ɗaga wayoyi. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana karantawa da ƙarfi. Kofar baya. Qofar baya. Bude, dauka, bude, dauka. Babu ƙugiya ko ɗaya. Ta zo kan Sakatare. Ya miƙo tasa yana murmushi.

“Kofar baya za ta kwana a bude. Ku dauka ku tafi.”

Ta sake dubawa, shi ma babu ƙugiya. Anti Tela ce ta leƙo ta kafaɗarta, ta dafe ƙirji.

“La ilaha illallahu! Malam, kai ne ka rubuta bude? Kai? Mutumin da ya riƙe mini allo mako guda a kan dinki?”

“Sauri nake yi, Hajiya.”

“Sauri? Ranar da shagon ƙasa ya kama wuta, saƙon da ka turo mana cewa mu fito, da ƙugiyarsa ya zo!”

Mai-Sawu ta koma gaban durom. Ta juya kwamfutar ga jama'a, ta sa yatsa kan haruffan. “Ku duba. Wanda ya tsara shafin nan bai iya barin ƙugiya ba, ko da yana ƙirƙira wa tsoho sata. Hannunsa ya saba. Wayar Kawu ba ta da waɗannan haruffa. A cikinmu mutum ɗaya ne ke sa su, kowa ya duba guruf ya gani. Yau kuma, da ya ga inda aka dosa, shi kaɗai ya sauya hannunsa. Wanda bai san komai ba, me zai sa ya sauya?”

Sakatare ya gyara wuyan rigarsa. “Ranka ya daɗe, yanzu a kan harafi za a tozarta ni? Makulli biyu ne. Ɗaya na wuyan wannan tsoho, ɗaya na wurinka. Ni ina na ga makulli?”

Ciyaman ya dube shi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro tarin makullansa, ya daɗe yana juya su.

“Da na tafi jinyar ƙanena,” ya ce a hankali, “wa na bar wa waɗannan?”

Duk ido ya koma kan Sakatare, Ciyaman ya miƙa masa hannu.

“Kawo wayarka.”

“Akwai sirrin iyalina a ciki.”

“Shi ma tsohon akwai nasa, muka karɓa ba mu tambaye shi ba. Kawo.”

Mai Sola bai jira ba, ya fizge ta ya miƙa wa Ɗan Biki. Ɗan Biki ya shiga inda hotunan da aka goge ke zama kafin su ɓace, ya ɗan ja ƙasa, ya yi fito. Ya ɗaga wayar sama. Ga Kawu a bencin Mai Shayi, ga tururi, ga yatsa cikakke da farcensa, yana fasa kankana.

Sakatare ya zauna a kan siminti da farar rigarsa. “Wani makulli na yanko lokacin da ka ba ni ajiya. Kayan suna gidan surukina,” ya ce. “Ba a taɓa ko ɗaya ba. Don Allah a rufa mini asiri.”

Ciyaman ya danna lambar da ya shirya tun ɗazu.

Kafin motar ta iso, mutane suka yanyame maigadi. Wanda ya ga sabon takalmi shi ya fara cewa dama shi bai yarda ba. Mai Shayi ya kawo kofi cike, ba a tambaye shi ba. Mai Sola ya durƙusa har ƙasa. “Baba, ka yafe mini. Zafin asara ne.”

“Na yafe,” in ji tsoho. “Tashi, kada ka ɓata wandonka.”

Ciyaman ya miƙo masa wayarsa, da makullin da igiyarsa. Tsohon ya karɓi wayar ya sa a aljihu. Makullin kuwa ya bar shi yana lilo a hannun Ciyaman.

“Karɓi mana, Baba. Magana ta wuce.”

“Ta wuce, ranka ya daɗe. Amma da safe, da aka ce ni ne, na duba fuskokin nan ɗaya-ɗaya ina neman wanda zai ce a dakata. Mai gadi da ido biyu yake kwana don mutanen da ke ciki. Ni yanzu na san in na zauna a rumfar can, barci zan yi.”

Ya sa hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu.

“Uwata, rufe na'urarki. Zo ki taya ni ɗaukar tabarmata.”